Rafin da Alhaji Haladu Bai Ƙetare Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ƙaddamar da littafina na farko ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Birnin Gwari ba za su bari ba. (Na ce "na farko" ne kawai don in rufa wa kaina asiri. Har yau babu na biyu.)

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a cikin gari. Wata rana bayan la'asar sai ga Nasiru, babban ɗan Alhaji Haladu, ya yi sallama a ƙofar gidana. Muka gaisa, ya ce iyali sun zauna sun yanke shawarar a rubuta tarihin mahaifinsu tun yana da rai, kuma duk garin nan ni suka ga ya dace. Ko "bari in yi shawara" ban ce ba. Kafin ya tayar da motarsa har na fara ganin sunana a bangon littafi.

Wanda bai san garinmu ba, dole in gaya masa ko wane ne Alhaji Haladu. Tun ina firamare yake cikin siyasa. Ya yi kansila, ya yi ciyaman, ya tafi majalisa a Kaduna ya daɗe, da ya dawo kuma ya zama shi ke nuna wanda zai hau. Jam'iyya kuwa, duk wadda ta ci, da safe a cikinta za ka same shi. Magoya bayansa suna ce masa Bango, 'yan adawa suna ce masa Ƙi-Sauka. In ka zauna a majalisar mutanensa za su cika maka kunne da makarantu da rijiyoyin burtsatse da 'ya'yan talakawan da ya sama wa aiki, kuma ba ƙarya suke yi ba. In ka matsa inuwa ta gaba, za a ce maka shi ne ya yanka burtalin shanu da ke gefen daji ya raba wa 'yan siyasarsa suka noma, makiyaya suka rasa hanyar zuwa mashaya, gaba ta shiga tsakanin mutanen da a da kasuwa ɗaya suke ci. Wasu har suna ɗora masa duk masifar da ta biyo baya a dajin, abin da ni a ganina ya yi wa mutum ɗaya nauyi. Amma batun burtalin, shi ma ba ƙarya ba ne.

Lokacin da na fara aikin, tsufa ya kama shi sosai. Ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, sai dai baki da ƙwaƙwalwa suna nan garau. Na zauna da shi muka yi hira a zaurensa, Nasiru na gefe. Na tuna akwai ranar da shi da kansa ya ce, "Malam, ka ji zancen burtali ko?" Kafin in buɗe baki Nasiru ya miƙe ya ce Baba ya gaji, a bari sai wani jiƙon. Ni kuwa na ji daɗin hakan, don ban san yadda zan yi da zancen ba. Daga baya na ba shi jimla ɗaya tak a cikin littafin, na wuce abina.

Matsalata ita ce littafin ya bushe. Rijiya, aji, rijiya, kwalbati, rijiya. Na karanta wa matata wani babi, ta saurara da haƙuri, sannan ta ce, "Malam, wannan tarihi ne ko takardar kwangila?" Maganar ta yi mini zafi saboda gaskiya ce. Ina neman labari guda wanda zai sa mai karatu ya ajiye littafin ya share ido.

Sai Allah ya kawo Inna Hajara. Tsohuwa ce daga wani ƙauye can bayan Kazage, tana cikin waɗanda rashin tsaro ya taso suka dawo cikin gari, tana zaune a gidan maƙwabcinmu. Takan shigo wurin matata hira. Ran nan ina tsakar gida ina alwala na ji tana ba da labarin shekarar da amai da gudawa ya shiga ƙauyensu da damina. Yara suna ta mutuwa, rafi ya kawo, babu gada, babu mai zuwa. Ta ce suna zaune sun fid da rai sai ga Ciyaman ya ƙetaro rafin da ƙafa, da akwatin magani a kansa.

Na ajiye buta. "Inna, Ciyaman da kansa?"

"Da kansa, ɗan nan. Da idona na gan shi, rigarsa sharkaf."

To, a nan ne ya kamata malamin tarihi ya yi tambaya guda, wadda ko ɗan aji ɗaya zai yi. Ban yi ba. A garinmu duk wanda ya taɓa hawa kujerar nan, Ciyaman ne har ya koma ga Allah, kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Amma ni a watannin nan ciyaman ɗaya ne a kaina, da shi nake kwana da shi nake tashi. Na gaya wa kaina cewa ba ni da halin zuwa ƙauyen in bincika, hanya ba ta biyuwa, mutanen sun watse. Haka ne. Sai dai gidan Alhaji Haladu ba a cikin daji yake ba, da ƙafa ma ina iya zuwa. Gaskiyar magana, labarin ya yi mini kyau, ina tsoron in taɓa shi ya fashe.

Na kai wa Nasiru. Ya karanta, ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Ka san Baba bai taɓa ba mu wannan labari ba? Ka ga irin tawali'unsa ko?" Na ce na gani.

Daga nan fa alƙalami ya samu sake. Inna Hajara ta ce rigarsa ta jiƙe, ni na kai ruwan har wuya. Na sa tsawa, na sa walƙiya, na sa direba ya durƙusa a bakin rafi yana roƙonsa kada ya shiga. Har magana na sa masa a baki: "In ruwan nan ya tafi da ni, ku ceci akwatin." (Da na rubuta wannan layi sai da na tashi na zagaya ɗaki don jin daɗi.) Nasiru ya sa mai zane ya zana hoton a bangon littafi: ga Alhaji Haladu yana matashi, ruwa ya kai masa haɓa, akwati a ka, ido a sama. Shi mai tarihin bai gani ba, tunda idonsa ba ya gani, kuma babu wanda ya ga dalilin karanta masa. Wai so ake a ba shi mamaki.

An kuwa ba shi.

Ranar ƙaddamarwa zauren taro ya cika har waje. Manyan baƙi daga Kaduna, 'yan siyasa, malaman makarantarmu, mutanen Tsohon Birnin Gwari da na Dogon Dawa da suka samu hanya suka zo. Matata da ƙawayenta har anko suka yi. Ni kuma na sha sabuwar babbar riga wadda sitacinta ya sa nake tafiya kamar an saka ni a kwali. Aka turo Alhaji Haladu a keken guragu aka ajiye shi a layin gaba. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne mutanen da ya nace a zaunar kusa da shi. A damansa Alhaji Tanimu, babban abokin hamayyarsa, wanda suka yi shekaru ko a jana'iza ba sa haɗa sahu. A hagunsa wani dattijon arɗo, siriri, da sandarsa a tsakanin ƙafafunsa, wanda ba na jin ya taɓa shiga zauren nan.

Aka yi jawabai, aka yabi Bango, aka yabi marubuci. Sannan mai gabatarwa ya ce marubucin zai ɗanɗana wa jama'a kaɗan daga cikin aikin. Kowa ya san babin da zan zaɓa.

Na karanta shi kamar mai wa'azi. Inda ya kamata in sassauta murya na sassauta, inda ya kamata in tsaya na tsaya. Da na zo wurin direba sai na ji mata a baya suna "Allah sarki." Da na zo kan "ku ceci akwatin," wani ya yi kabbara, zaure ya amsa. Na ɗaga ido na ga Alhaji Tanimu ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina, kai, yau alƙalamina ya sa maƙiyi kuka.

Ana cikin tafi sai Alhaji Haladu ya ɗaga hannu yana neman abin magana. Mai gabatarwa ya yunƙura, na riga shi. Ni da kaina na sauko da lasifikar, na tattare babbar rigata, na durƙusa a gabansa, na riƙe masa ita daidai bakinsa, ina murmushi irin na wanda ya san za a sa masa albarka.

"Malam, sannu da aiki," in ji shi.

"Yauwa, Baba."

"Wannan mutumin da ka karanta, wallahi ya burge ni. Da ya tsaya takara da ni ma na zaɓe shi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya bari ta lafa. "Sai dai ni ban iya iyo ba. Ko kududdufi ban taɓa shiga ba, tun ina yaro uwata ta hana ni. Kuma a shekarar da kake faɗa ba ni ne ciyaman ba. Ga ciyaman ɗin nan a damana, shi ya kayar da ni. Ranar da ya ƙetare rafin nan ina gida ina zaginsa. Har cewa na yi don a ɗauke shi hoto ya je."

Sai a lokacin Alhaji Tanimu ya sauke hannun rigarsa. Hawaye ne a fuskarsa, wannan kam ban yi kuskure ba, amma na dariya ne.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar da zauren nan ya yi ba. Abin da na fi tunawa shi ne hannuna. Ina durƙushe, ina riƙe da lasifikar a bakinsa, ba halin in janye tunda dattijo yana magana, ba halin in tashi. Ni na rubuta ƙaryar, ni na karanta ta, ni kuma na riƙe wa mai ƙaryata ta abin magana don na baya ma su ji da kyau. Gumi ya bi ta cikin sitacin nan. Na saci kallon wajen mata, na ga matata tana nazarin jakarta kamar yau ta fara ganinta.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin ban dariya ne kawai. Amma tsohon bai gama ba. Ya dafa hannuna da ke riƙe da lasifikar, ya ƙara matso da ita.

"Malam, ka sa zancen burtali?"

Na ce, "Akwai, Baba. A taƙaice."

"Karanta mu ji."

Aka miƙo mini littafin. Da hannu ɗaya na yi ta buɗe shafuka har na samu wurin, na karanta da muryar da ba irin ta ɗazu ba: "A wannan lokaci an samu 'yar rashin fahimta game da wasu filaye a gefen daji, amma daga bisani aka daidaita."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Dariya ta ɗauke. Nasiru ya taso ya sunkuya yana cewa Baba ya gaji, tsohon ya kaɗa masa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Ba rashin fahimta ba ce," in ji shi. "Na fahimta sarai. Arɗo ga shi nan, ya yi ta zarya a ƙofar gidana yana roƙona, ina ce masa gobe. Ƙuri'a nake nema, masu gona sun fi masu shanu yawa a akwatin zaɓe. Kuma ba a daidaita komai ba. Makarantun da ka lissafa na gina su, ba na musu, ina fatan Allah ya karɓa. Amma Malam, ka ba ni rafin da ban ƙetare ba, ka ɓoye mini burtalin da na yanka. In na je can, da littafinka za a yi mini hisabi?"

Sai ya juya fuskarsa hagu, wajen da ya san arɗon yake, ya ce, "Arɗo, na kira ka ne ka ji da kunnenka."

Na yi zaton arɗon zai ce ya yafe, zaure ya yi kabbara, kowa ya samu hanyar fita. Bai ce ba. Cewa ya yi, a hankali, "Na ji, Alhaji. Amma shanun sun riga sun tafi." Ya gyara riƙon sandarsa, bai ƙara ba.

Mai gabatarwa, Allah ya saka masa, ya kira liman ya rufe taro da addu'a. Sai da aka shafa sannan na samu na miƙe, gwiwoyina sun sage.

Kafin mako ya zagayo na zama Sarkin Ruwa. A ɗakin malamai in aka ga hadari sai a ce, "Malam, a kawo akwati?" Na yi kwanaki ina bin lungu zuwa masallaci. Inna Hajara kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi, "Yo ni ai Ciyaman na ce. Shi bai tambaye ni wanne ba."

Da na ɗan farfaɗo na tafi gidan Alhaji Tanimu ba da haƙuri. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, gidan ƙasa ne, ko fenti babu. Na fara jero kalmomin da na shirya, ya tare ni.

"Zauna, Malam. Ai kai ka yi mini gata, rabon da in yi dariya irin wannan tun ina da haƙora." Ya sa aka kawo mini ruwa. "Amma tunda ka zo, bari in gyara maka. Ruwan nan iya cinya ne. Ba ni kaɗai ba ne, da ma'aikatan asibiti muka je, akwatin ma karɓa-karɓa muka yi. Kuma Haladu bai yi mini ƙazafi ba, da mai hoto na tafi. Shi ne ya ga ruwa ya ce ba zai jiƙa kayan aikinsa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma dai kun je."

"Mun je. Magani ya isa, yara da yawa sun tashi. Wannan kam ina sa rai da shi." Ya gyara zama. "Ni ma ina da nawa burtalin, kada ka ɗauka waliyyi ne ni. Bambancina da Haladu, shi yana da 'ya'yan da za su sa a rubuta masa littafi. Ni in na mutu, abin da tsofaffi suka riƙe shi ke nan, su ma suna bin baya."

Na fita daga gidan nan da niyyar gyara. Na je wa Nasiru da maganar a sake bugawa, a cire babin rafi, a faɗaɗa na burtali. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce in sha Allahu a bugu na biyu. Amma littattafan an riga an raba su makarantu da ofisoshi, an aika Kaduna. Kuma na lura iyalin sun samo wa abin da ya faru fassara. Ga na nesa sukan ce tawali'u ne, Baba ba ya son a faɗi alherinsa, shi ya sa ya jingina wa abokin hamayyarsa. Ga na kusa sukan rage murya su ce tsufa ne, ya fara rikicewa. Mutum ya tashi a gaban jama'a ya faɗi gaskiya a kan kansa, amma takarda ta fi shi baki. Wannan ya fi dariyar da aka yi mini damuna, don ni na ba takardar bakin.

Alhaji Haladu ya rasu da daminar da ta biyo. Ranar sadakar uku na je, na samu wuri a gefen rumfa, sai na ga ashe kusa da Alhaji Tanimu na zauna. Arɗon ma ya zo, ya yi addu'a, ya gaisa da iyalin, ya tafi bai zauna ba. Can wani ɗan siyasa da ya zo daga Kaduna ya miƙe yin ta'aziyya. Ya ce shi bai yi zamani da marigayi ba, amma ya karanta tarihinsa, kuma akwai abin da ba zai taɓa fita daga ransa ba. Ya kawo tsawar, ya kawo direban, ya kawo "ku ceci akwatin" kalma da kalma. Na duba rumfar, na ga mutanen da suke cikin zauren nan ranar, waɗanda suka yi dariya har da riƙe ciki, suna gyaɗa kai suna "Allah ya jiƙan Bango." Burtali kuwa ko sau ɗaya ba a ambata ba.

Alhaji Tanimu ya karkato ya raɗa mini, "Malam, yau ma ruwan har wuya."

Na yunƙura zan tashi, ban ma san me zan ce ba. Ya riƙe gefen rigata ya mayar da ni.

"Zauna. Gidan mutuwa ne. Wurin da ya kamata ka yi magana ya wuce, tun kana riƙe da alƙalami."

Na zauna, muka shafa addu'a tare da kowa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi. Ƙaryar baki takan mutu da mai ita, ta littafi kuwa ko mai tarihin ya tashi ya rantse ba ta jin kira. Yanzu in wani ya zo mini da labari mai daɗi har na ji tsigar jikina ta tashi, a nan nake fara zarginsa. In kuwa aka ce mini "Ciyaman ya yi kaza," ko da batun gyaran kwata ne, sai na ajiye abin da ke hannuna na tambaya: "Wanne daga ciki?"